Za a yanka sabbin filaye a garinmu: filin sola za mu fara nema ko tsarin gini?

Sakataren_Ƙungiya:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema. Garinmu hedikwatar ƙaramar hukuma ce a Jigawa, ba wani babban gari ba ne, sau ɗaya kasuwarmu take ci a mako. An amince za a yanka sabbin filaye a gonakin yamma da gari, hakimi kuma ya ce ƙungiyar ci gaban gari ta kawo abin da take so a sa a taswira kafin masu awo su kafa duwatsu. Da muka zauna sai kanmu ya rabu. Matasa sun ce a ware filin tashar sola, don wutar NEPA sai mu yi kwana da kwanaki ba mu ga ƙyallinta ba. Dattawa sun ce masallaci, makaranta, maƙabarta, magana ta ƙare. Ni kuma abin da ke damuna daban ne. Ko an kawo solar, in dai irin ginin da muke yi yanzu za a ci gaba da yi, bulo inci shida, kwano ba silin, taga tana kallon yamma, ba bishiya ko ɗaya, to a fanka wutar za ta ƙare kuma barcin ba zai yiwu ba. Har yau soron kakana ya fi ɗakina daɗin zama da azahar. Akwai abin da za a iya sawa a tsarin fili tun yanzu da zai rage zafi, ko kuwa wannan kowa da aljihunsa ne? Masana a taimaka.

Abban_Sadik:
Wa'alaikumus salam. Malam Sakatare ku karɓi filin sola kawai. Zafi na Allah ne, kowa ya san da shi. Ba za ka hana mutum gina abin da kuɗinsa ya kai ba, amma wuta in ta zo kowa zai sha.

Tsohon_Magini:
Sakatare, Allah ya yi maka albarka da ka tuna da mu. Wajen mahaifina na gaji gini, da ƙasa kuma na fara kafin siminti ya kore mu. Sanyin soron kakanka ba wani asiri ba ne, kauri ne. Katangar tubali daga gindi takan kai kamu ɗaya da rabi ko biyu, tana hawa tana sirancewa. Rana za ta yini tana dukanta, zafin bai gama ratsowa ciki ba sai dare ya raba. A sama kuma azara ce, a shimfiɗa zana, a zuba ƙasa a daɓe, a bi da makuba ko laso, a sa indararo ruwa ya sauka nesa da gindin bango. Bulo mai rami kuwa kafin hantsi ya ɗaga ya riga ya ɗauki zafi, kwano kuma ba a ma maganarsa.

Amma kada in ɓoye muku komai. Zafin da katanga ta sha da rana, da dare take amayar da shi. A tsakiyar bazara soro ba ya kwantuwa kafin asuba, shi ya sa iyayenmu ke fitar da tabarma tsakar gida. To su suna da tsakar gidan. Yanzu mutum zai sayi fili ƙafa 50 a 50, ya cike shi da ɗakuna har jikin katangar maƙwabci saboda kuɗin haya, ya bar ɗan siririn lungu. Ina iska za ta bi? Ina yara za su kwanta? In kuna da bakin magana a taswirar nan, ku roƙa kada a yanka filayen ƙanana ƙwarai, kuma a ce kowa ya bar tsakar gida.

Sannan azarar kirki, ta namijin giginya wadda gara ba ta ci, ta yi wuyar samu. Wanda zai ce kowa ya koma soro sai ya faɗa mana inda giginyar take.

Uwar_Hanifa:
Baba magini ina gaisuwa. Duk abin da ka faɗa haka yake, amma maza in suna yabon gidan ƙasa sukan manta da damina. A gidan ƙasa na tashi. Hadari na tasowa daga gabas gaban mahaifiyarmu zai fara faɗuwa, a kwashe kwanuka a tara wa yoyo, a janye gado daga jikin bango. Duk shekara sai an yi yaɓe, in maigida ba shi da kuɗi a wannan shekarar, shi ke nan bangon gabas ya fara zaizayewa. Ambaliyar 2022 a Jigawa ba labari aka ba mu ba, gidajen ƙasa ne suka fi zubewa, wasu a kan masu su. Don haka mace in ta ce bulo take so ba ƙyale-ƙyale ba ne.

Ta ɗaya gefen kuma mu ne muke yini a cikin gidan kwanon nan. Ku kuna gindin bishiya a kasuwa. Ɗakin girkina da azahar kamar tanda yake. Ku nema mana abin da ba zai faɗo mana a ka ba, kuma ba zai gasa mu ba.

Akitek_Zazzau:
Malam Sakatare, tambayarka ta zo a kan gaɓa, domin akwai abu ɗaya da ba ya gyaruwa in an riga an kafa duwatsu, kuma yanzu ko sisi ba zai ci ba: inda filayen suka fuskanta.

Ka roƙi mai zana taswirar ya miƙar da titunan cikin unguwa daga gabas zuwa yamma gwargwadon yadda ƙasar ta ba da dama. In aka yi haka, ƙofofi da tagogin gidaje za su kalli kudu ko arewa. Ranar da ke dukan waɗannan ɓangarori daga can sama take zuwa, don haka in bakin rufi ya ɗan zarce bango da ƙafa biyu ko uku, inuwa ta rufe taga. Ranar la'asar ce mugunya, tana zuwa a kwance daga yamma, babu bakin rufin da zai tare ta, kuma lokacin ne iska ta fi zafi. To a wannan tsari bangonka na yamma maƙwabci ne ya kare maka shi, kai ma ka kare wa na gabas da kai. A yankinmu, daga ƙarshen Afrilu zuwa tsakiyar Agusta rana takan ɗan karkata arewa da tsakar rana, sauran watanni tana kudu, saboda haka bakin rufin ya fito ta duka ɓangarorin biyu. Ƙari a kan haka, rufin irin wannan gida yakan samu gangare mai kallon kudu, inda mai sola yake so ya ɗora farantansa.

Hajiya Uwar Hanifa, tsakanin tubali da bulon siminti akwai na uku. Jar ƙasa ake tankaɗewa, a sa mata siminti kaɗan, kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari, a matse da inji. Ba a ƙona shi. Cibiyar binciken gine-gine da hanyoyi ta tarayya, NBRRI, ta daɗe tana ƙera injin. In aka yi harsashi da dutse ko kankare ya ɗago sama da inda ruwa ke kwanciya, aka yi rufi mai faɗin baki, ba ya jin tsoron damina.

Ka'ida ma akwai ta a rubuce. A 2017 ma'aikatar wuta, ayyuka da gidaje ta tarayya ta fitar da kundin ka'idojin gini mai tattalin makamashi. A ciki an ce faɗin tagogi kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari na bango sai in an yi musu inuwa, kuma a sa abin tare zafi a ƙarƙashin rufi. Sai dai sai jiha ta ɗauka ta sa a dokarta kafin ya hau kan kowa.

Abban_Sadik:
Akitek, wa zai bi mutum gida a ƙauye yana auna masa taga? Wanda ya sayar da buhun riɗi ya sayi bandir ɗin kwano biyu? Ku bar wannan kundi a Abuja.

Akitek_Zazzau:
Alhaji ai shi ya sa na fara da titi ban fara da taga ba. Taga sai an bi mutum, titi kuwa sau ɗaya ake shata shi kowa ya bi ko yana so ko ba ya so.

Mai_Sola_Haɗeja:
Bari in kawo muku lissafi daga wajen aikina, don sana'ata ke nan. Mutum zai kira ni ya ce yana son solar da za ta ja masa AC har asuba. AC mai doki ɗaya da rabi yana cin abin da ya haura wat 1,000. In ɗakin ba silin, kwano a buɗe, injin ba zai huta ba ko na minti ɗaya, awa takwas na dare ya cinye kilowat-awa 8 ko fiye. Batirin lithiyam da aka fi saya mai kilowat-awa 5 ne, ka ga guda ɗaya ba zai kai ka ƙarfe uku ba. Fankar silin kuwa wat 70 ce ko kusa da haka. Guda huɗu na awa takwas ba su kai kilowat-awa 2 da rabi ba. Gidan da fanka ta ishe shi da gidan da sai AC, bambancin batirinsu ninki uku ne ko huɗu, batir kuma shi ne tsadar sola. Don haka maganar Sakatare tana kan hanya, ko da yake ni in aka bi ta cinikina ne zai ragu.

Wani abin da mutane ba su sani ba: shi kansa farantin ba ya son zafi, haske yake so. Duk digiri ɗaya da ya ƙaru a kan 25, ƙarfinsa na raguwa da kusan kashi 0.4 cikin ɗari. In ka manna shi jikin kwano ba ka bar wa iska hanya ta ƙasa ba, a watan Afrilu zai iya haura digiri 60, ka yi asarar wajen kashi 15 a banza. Batir mai ruwa ma haka, in aka kulle shi a ɗakin da ba taga, rayuwarsa ta gajarce, kuma dama rabinsa kawai ake so a riƙa ja. Da hunturu kuma ƙura. Na hau rufin wani da ya yi ta ƙorafi cewa an sayar masa da jabu, na sa yatsa na rubuta sunansa a kan gilashin. Tsumma da ruwa ne maganin, da sassafe kafin gilashin ya yi zafi.

Ɗan_Tawa:
Salamu alaikum 'yan uwa na Najeriya. Daga Nijar nake bin maganar. Hajiya, abin da Akitek ya faɗa ba a takarda kaɗai yake ba, muna da shi a tsaye. A jiharmu ta Tawa akwai wani gari Dandaji. A 2018 aka gama musu sabon masallaci babba, tsohon masallacin ƙasa kuma aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Mata biyu suka zana shi, Mariam Issoufou Kamara 'yar Nijar da Yasaman Esmaili 'yar Iran. Da bulon jar ƙasar wurin aka gina, wanda inji ya matse, maginan yankin kuma su suka yi aikin. Ba don AC aka tsara shi ba, kaurin bango da tsawon rufi da hanyar iska ne ke aiki. Kusa da nan akwai masallacin Yaama da Falke Barmu ya gina da ƙasa, wanda ya ci kyautar gine-gine ta Aga Khan a 1986.

Baba magini, maganar azara ma an daɗe da neman mafita a wajenmu. Tun 1980 aka fara koyar da gini ba katako a Cikal, wajen Filinge. Ƙananan tubala ake jerawa su tashi tulluwa ko baka, ba azara ba tol. An horar da magina da yawa a kansa, kuma za ka ga irinsa a ɗakunan shan magani da ofisoshi a karkara.

Batun kuran kuma, wato wutar lantarki, mu mun ga darasi. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, Najeriya ta yanke mana layi a farkon Agusta, alhali kusan kashi 70 cikin ɗari na wutarmu daga wajenku yake zuwa. Tashar sola ta Gorou Banda kusa da Yamai, mai megawat 30, ita ta ɗan share mana hawaye. Muna kuma da ta Malbaza mai megawat 7 tun 2018. Saboda haka ni ba zan ce ku bar filin sola ba. Ku riƙe biyun.

Bakano_Na_Asali:
Ɗan Tawa ku yi haƙuri da abin da ya faru, ba talaka ne ya yanke ba. Mu da muke ba ku wutar ma a duhu muke kwana. Ku dai gama dam ɗin Kandaji mu huta da gori.

Ɗan_Tawa:
Amin yaya. In mun gama mu ma za mu riƙa sammuku.

Bakatsine:
Ni duk lokacin da aka ce makamashi mai sabuntuwa sai Lambar Rimi ta faɗo mini a rai. Duk wanda ya bi hanyar Katsina zuwa Kano ya ga fankokin nan na samar da wuta da iska a tsaye, guda 37, an ce za su ba da megawat 10. Tun marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa yana gwamna aka faro maganar. A Disambar 2012 aka sace injiniya Bafaranshe da ke aikin a Rimi, komai ya tsaya. Yaron da aka haifa lokacin da aka fara zancen yanzu ya isa aure. Ku tambayi mutanen ƙauyukan da ke gindin fankokin ko sun daina sayen batirin tocila. A unguwarmu kuma wani ɗan siyasa ya kafa fitilun titi masu sola, aka yi hoto, damina biyu ba su cika ba rabi suka mutu, sauran aka kwance batiransu. Sakatare, ku ware filin, ba laifi, amma ku sa a ranku awaki ne za su fara morarsa.

Injiniya_Rabi:
Malam Bakatsine, Lambar Rimi aikin gwamnati ne da aka yi don zuba wuta a babban layi na ƙasa. Abin da ya dace da garin Sakatare daban ne: ƙaramar tasha mai farantai da batir da layinta na cikin gari, kamfani ya gina da kuɗinsa, ya sa wa kowa mita mai kati, ya ci riba a hankali. Tun da kuɗinsa ne a ciki, in ta mutu shi ya yi asara, don haka yana da dalilin gyarawa. Fitilun ɗan siyasa kuwa ba su da mai su.

Hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta fitar da dokar irin waɗannan tashoshi a 2016, ta sabunta ta a 2023. A dokar ta 2023, wadda ba ta wuce kilowat 100 ba rajista ta ishe ta, daga nan zuwa megawat 1 sai da izini. Tun da garinku akwai turakun NEPA, abin da zai fi yiwuwa shi ne yarjejeniyar ɓangare uku: al'umma, kamfanin sola, da kamfanin rarraba wuta na yankin. An yi haka a Toto ta jihar Nasarawa, an yi a Zawaciki a Kano. A Disambar 2023 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 750 don shirin DARES na irin waɗannan tashoshi, wanda hukumar samar da wuta a karkara, REA, ke gudanarwa, amma ku sani tallafin kamfanoni ake ba, ba ƙungiyar gari ba. Aikinku shi ne ku sa kamfani ya ga garinku zai biya.

Girman fili kuma bai kai yadda kuke zato ba. Kilowat 100 faranti 200 ne masu wat 500. Da tazarar da ake bari tsakanin layuka da ɗakin batir, fuloti uku ko huɗu masu ƙafa 50 a 100 sun isa. Ku nemi ninkin haka saboda gaba. Abin da ya fi girman muhimmanci shi ne wurin. Kada a jefa shi can bayan maƙabarta don nan ne ba mai so. Wutar ƙaramin layi in ta yi tafiya mai nisa ƙarfinta zubewa yake, waya mai kauri kuma kuɗi ce. Ya kasance kusa da kasuwa da masu injina, a kan tudu inda ruwa ba ya kwanciya, kuma ba dogon gini ko bishiya a kudu da shi.

Mu tuna Oktoban 2024, da layin Shiroro zuwa Kaduna ya lalace, na Ugwuaji zuwa Apir ma ya faɗi, yawancin Arewa ta haura mako a duhu. Garin da ke da tasharsa ba ruwansa da wannan.

Mai_Injin_Niƙa:
Hajiya Injiniya, ance wutar kamfanonin nan ta fi ta NEPA tsada. Gaskiya ne? Ni da man dizal nake aiki, tun da aka cire tallafin fetur a 2023 kuma komai ya bi ya tashi, mata har faɗa suke da ni kan kuɗin markaɗe.

Injiniya_Rabi:
Gaskiya ne Malam, kowane yunit ya fi na NEPA tsada. Amma kai ba da NEPA za ka gwada ba tun da ba ka samunta, da jarkar man da kake saya za ka gwada. Kuma irinku kamfanin yake nema: mai niƙa, mai walda, mai ƙanƙara, mai casar shinkafa, masu cin wuta da rana lokacin da take zuwa kai tsaye daga faranti ba ta bi ta batir ba. Garin da ba abin da yake kunnawa sai ƙwan fitila da cajin waya da dare, wutarsa ce ta fi tsada. Sai dai za ka canza zuwa moto mai lantarki, wannan kuma jari ne. Sakatare, ga wani abin sawa a taswira: a tara masu injina a layi ɗaya kusa da filin tashar.

Malam_Na_Tsangaya:
Allah ya saka wa kowa. Ina tunatar da Akitek abu biyu. Alƙiblarmu gabas take, ta ɗan karkata arewa. In za a shata tituna a lura da filin masallaci kada sahu ya zo a karkace a yi asarar kusurwa, a kuma lura da mazaunin bayan gida kada ya fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya. Na biyu haƙƙin maƙwabci. Malamai sun daɗe da yin magana kan wanda zai ɗaga gini ya tare wa maƙwabcinsa iska ko ya buɗe taga yana leƙa masa gida. Yau ga wani sabon nau'i: ka kashe kuɗi ka sa sola, maƙwabcinka na kudu ya tayar da bene ya rufe maka rana. Gara a yi maganarsa gaban hakimi tun ba a fara rigima ba.

Akitek_Zazzau:
Allah ya gafarta Malam, wannan tsari ma ya sauƙaƙa maganar bayan gida, don in gida ya kalli kudu ko arewa, mazaunin sai ya bi fuskar gidan. Maganar bene kuwa ban taɓa jin an kawo ta a taron unguwa ba, kuma ta cancanta.

Ga masu cewa ba su da kuɗin bulon inji, a fara da rufi, don ta nan mafi yawan zafi yake shigowa gidan da ba bene ba. A sa silin ko na zana ne, a bar ƙofofin iska a ƙarƙashin kwano ta gefe biyu a sa musu raga saboda jemage, a shafa wa kwanon farin fenti. A birnin Ahmedabad na Indiya hukuma da kanta ta shiga shafa wa rufin talakawa farin fenti bayan zafin 2010 ya kashe mutane da yawa. Francis Kéré kuma, ɗan Burkina Faso da ya ci kyautar gine-gine ta Pritzker a 2022, makarantar da ya gina a ƙauyensu Gando a 2001 da kwano ya rufa ta. Sai dai ya ɗaga kwanon sama a kan ƙarafa, ya yi silin na bulon ƙasa a ƙarƙashi, iska na wucewa tsakani. Abin da ke ba ni haushi shi ne sabon yayin rufin nan mai tsini baƙi ƙirin da masu kuɗinmu suke kwaikwayowa. Baƙin rufi a Gumel ko Nguru!

Jikan_Sarkin_Noma:
An yi ta magana ba wanda ya tsaya kan bishiya. Gonakin da za a yanka ɗin nan, na tabbata akwai gawo da tsamiya da ɗorawa a ciki. Abin da aka saba, ranar da aka raba fili ranar masu gawayi ke zuwa. Ku sa a rubuce cewa duk bishiyar da ta faɗo a kan titi ko filin jama'a ba mai taɓa ta. Tsamiyar da ta shekara hamsin ba a sayo ta a gandun reno. Maiduguri da darbejiya ta yi suna, kuma mutane ne suka dasa. A kwarin Majiya a Nijar tun 1975 aka fara jera darbejiya layi-layi don tare iska, Ɗan Tawa zai ba da shaida. Yamma da kowane gida ya kamata a samu bishiya. Amma dashe ba shi ne wahala ba, raino ne: shekara biyu na ban ruwa da kariya daga awaki. In ba a ɗora wa mai gidan da ke kusa alhakin ba, asarar dashe za a yi.

Mai_Sola_Haɗeja:
Na yarda da bishiya, amma don Allah a yamma ko arewa, ba a kudu da rufi ba. Inuwar reshe ɗaya a kan faranti ɗaya tana iya jan ƙarfin duk layin ƙasa. Kashin tsuntsu kuma ba a magana.

Sakataren_Ƙungiya:
Kai jama'a, na gode ƙwarai. Na kwafe maganar Akitek kan tituna da ta Hajiya Injiniya kan wurin fili, zan karanta wa kwamiti. Tsoron da Bakatsine ya tayar shi ne nawa. A tsohuwar unguwa an taɓa ware filin wasan yara, yau shaguna ne a wurin, ba wanda ya san yadda aka yi. Yaya za mu tsare wannan kafin kamfani ya zo, in ma zai zo?

Ma'aikacin_Ƙasa:
Sakatare, maganar baki a fadar hakimi ba ta tsare fili. A dokar amfani da ƙasa ta 1978, filin da aka ayyana a matsayin birni yana hannun gwamna, sauran kuma ƙaramar hukuma ce ke ba da izini. Hedikwatar ƙaramar hukuma sau da yawa tana cikin kashin farko, don haka ku fara gano a ina kuka faɗa. Sannan filin ya fito a taswirar da aka sa wa hannu, da lambarsa, da abin da aka ware shi dominsa a rubuce. Ƙungiyarku ta yi rajista don takarda ta fito da sunanta, ba sunan shugaba ba, don shugaba na mutuwa magada su ce gado ne. In kamfani ya zo haya za ku ba shi ta shekaru, kada ku sayar. Kuma fili ba ya son zama haka nan. Ku kewaye shi, ku sa wani abu mai amfani a kusurwa ɗaya tun yanzu.

Uwar_Hanifa:
To ga abin sawa: rijiyar burtsatse mai sola da tanki. Ba ta buƙatar batir, rana ta fito ruwa ya hau. Filin da mata ke ɗiban ruwa kullum ina mai ƙarfin halin da zai sayar da shi a ɓoye? Ruwan da ya zube kuma ya tafi gindin bishiyoyin Jikan Sarkin Noma.

Bakatsine:
Wannan ta fi duk abin da aka faɗa kama hankalina. Sai dai a sa wanda zai riƙa karɓar naira kaɗan a kan jarka saboda ranar da famfon zai ƙone.

Tsohon_Magini:
Ɗan Tawa, ginin nan ba katako na taɓa ganin hotonsa, tulluwar tasu ta fi tamu faɗi. Da da ƙuruciya da na je na koya. Amma Akitek, matsalar ba ta inji ba ce kaɗai. Yaro in zai yi aure yau, dangin yarinya za su zo ganin ɗaki, in suka ga jar ƙasa sai a fara ƙus-ƙus, ko da ta fi siminti ƙarfi. Na gina wa wani da tubali, ya sa na shafe waje da siminti na zana masa layin bulo don kada a gane, siminti kuma ba ya kama ƙasa, damina uku ya ɓanɓare. Sai mai kuɗin gari ko hakimi ya fara gina nasa da jar ƙasa ya bar ta a fili kowa ya gani. In za ku gina ofishin ƙungiya ko ajin makaranta a sabuwar unguwar, ku fara da shi.

Abban_Sadik:
Ni dai har yanzu ina kan bakana, a fara kawo wutar. Amma farin fentin nan zan gwada a ɗakin tsohuwata. Mai Sola, ba zai hana a ɗora faranti daga baya ba ko?

Mai_Sola_Haɗeja:
Ba zai hana ba Alhaji, faranti ma zai fi jin daɗi. A wanke kwanon a kankare tsatsa tukuna, a shafa bayan ƙurar hunturu ta lafa. Ka ce wa mai fentin ya taka kan layin ƙusa, kada ya lotsa maka kwano.